Shekara ashirin ina gaba da x

A watan Yulin 2021 na jawo akwatin da na zo da shi daga Zariya, na ɗaga zannuwan da ban taɓa ɗaurawa ba tun zuwanmu Amurka, na ciro wata ambulan daga can ƙasa. Sakamakon jarrabawata ta WAEC ne a ciki, na shekarar 2001. Hausa A1, Addinin Musulunci B3, Turanci C6 da ƙyar da jiɓin goshi. Lissafi kuwa F9. Shekara ashirin ina ɓoyon takardar nan. Ko maigidana sau ɗaya tak ya taɓa ganinta, lokacin da muke haɗa takardun biza, ya yi dariya, na yi kwana biyu ina ajiye masa abinci ban ce masa uffan ba.

Abin da ya sa na tono ta ranar shi ne zan buɗe makaranta. Makaranta mai ɗalibi ɗaya, a teburin cin abincinmu da ke Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Dokar jihar ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida, amma da sharaɗi. Sai ka sanar da hukuma a rubuce, ka raɗa wa makarantar suna, ka riƙa rubuta ranakun da aka yi karatu, a yi aƙalla wata tara a shekara, kuma kowace shekara yaron ya zauna wata jarrabawa da aka sani a faɗin ƙasar, wadda ta haɗa da Turanci da lissafi. Sannan kai kanka ka nuna shaidar ka gama sakandare. Wannan na ƙarshen ne ya mai da ni ƙasan akwati. Na ɗauki hoton takarduna na tura, gabana yana faɗuwa, ina jiran a rubuto a ce mai F9 ba ta koyar da ɗan kowa, ko da nata ne. Ba wanda ya tanka zancen.

Bari in koma baya, a san inda gabar ta samo asali. A firamare ba ni da matsala da lissafi. Innarmu tana sayar da hatsi da man gyaɗa a cikin gida, ni ce mai awo, ni ce mai ba da canji, ba a taɓa kama ni da ɓatan kwabo ba. Ranar da aka shigo da haruffa cikin lissafi, a ajin farko na sakandare, ranar aka raba ni da shi. Malaminmu ya juya mana baya ya rubuta x + 3 = 7, ya ce ukun nan zai tsallake gada, kuma duk wanda ya tsallake gada sai ya canja alama, fulos ya koma mainos. Na ɗaga hannu na ce, Malam, me ya sa? Ya ce haka dokar take. Wata ta ƙyalƙyale da dariya daga baya. Ban sake tambaya ba har na bar makarantar.

Ban riƙe shi a zuci ba. Mun fi mu saba'in a ajin, kuma yanzu da na ɗanɗana koyar da yaro ɗaya rak, na san abin da mai yara saba'in da guntun alli yake sha. Amma daga ranar lissafi ya koma mini kamar tsibbu: a haddace, a rubuta, in ta yi daidai to, in ba ta yi ba, ba ka san ta inda aljanin ya shiga ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa ba ni da kan lissafi, kowa kuma ya taya ni yarda. A lokacin ba abin kunya ba ne mace ta faɗi haka. Har yanga ake yi da shi.

Mun zo Amurka a 2012 da bizar ƙuri'a, wadda maigidana ya ci dab da a cire Najeriya daga tsarin. Ɗana na fari yana da shekara biyar lokacin. Sunan mahaifina ya ci, don haka Abba nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Maigida ya fara da aikin sito, daga baya ya sami lasisin tuƙin tirela, yakan yi kwana biyar ko shida a hanya. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mun zaɓi Greensboro saboda 'yan uwanmu na Nijar da ke da yawa a garin. In ka fito masallaci ranar Juma'a, Hausa da Zabarmanci za ka ji suna tashi kamar kana Yamai.

A tsakiyar Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantun jihar. Abba yana aji bakwai. Karatu ya koma kan kwamfuta, haka aka ci mafi yawan aji takwas. Ina wajen aiki, shi yana gida gaban allo da kyamara a kashe, ashe ƙwallo yake kallo. Sai da sakamako ya fito na ga lissafinsa ya zube ƙasa warwas. Na yi faɗa, na yi kuka, ya tsaya yana kallon ƙafarsa, can ya ce, "Umma, ni fa ba ni da kan lissafi." Da Turanci ya faɗa, amma maganata ce sak. Ban taɓa furta ta a gabansa ba. Ji na yi kamar a nono na shayar da shi.

Da ma akwai haddar da ya faro ya bari a izu arba'in, muna son ya ƙarasa. Sai na haɗa biyun na ce a cire shi shekara guda, ya yi aji tara a gida. Aji tara ita ce shekarar farko ta babbar sakandare a tsarinsu, kuma a nan yawanci ake ɗora wa yaro aljabara ta farko. Na kira maigida yana hanya na gaya masa. Ya yi shiru, sai ƙugin mota nake ji, sannan ya ce, "Ke da ko rasit ɗin kanti kika gani sai ki miƙo mini?" Na ce masa kwas ɗin shi ke koyar da kansa, akwai bidiyo, akwai littafin amsoshi, ni mai gadi ce kawai. Da gaske nake nufi. Allah ya sani ban yi niyyar koyon komai ba.

Kayan na hannu na saya, a wajen wata Baturiya da na gani a Facebook, mai 'ya'ya biyar, duk a gida ta karantar da su. Da yawa daga masu wannan harka a nan Kiristoci ne masu riƙo da addini, kuma in kun zauna hira sai ka ji damuwarsu irin tamu ce: tarbiyya, abokai, abin da yaro ke kwasowa a waje. Ta miƙo mini kwalin a bakin ƙofarta ta ce abu ɗaya za ta gaya mini, kada in bar shi ya tsallake tambaya ko ɗaya. Littafi ne mai kauri, darasi 120, kowane darasi da tambaya 30. Kaɗan ne daga ciki suka shafi sabon darasin, sauran duk tsofaffi ne ake dawo da su, kamar yadda mahaddaci ke tilawar baya kafin a ƙara masa. Wannan ya kwanta mini, don tsarin da na sani ne tun makarantar allo. A bidiyon ba a ganin fuskar malamin, sai rubutunsa da muryarsa.

Mako biyar na farko lafiya lau. Ya kalli bidiyo, ya yi aiki, ni in buɗe littafin amsoshi in sa maki da jan biro, ina hura hanci kamar hedimasta. A mako na shida asirina ya tonu.

Tambayar ita ce 2x + 6 = 16. Ya kawo mini littafin ya ce bai gane yadda malamin ya yi ba, ya yi tsawo. Na leƙa, sai na ga tsohuwar abokiyar gabata. Na ce, "Kawo in nuna maka gajeriyar hanya, yadda aka koya mana a gida. Shidan nan ya tsallake gada, ya canja alama." Ya rubuta 2x = 10. Ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi. Na koma kicin. Da ya kawo aiki, ya rubuta x daidai yake da mainos biyar. Littafin amsoshi ya ce biyar. Na zabga masa kuros.

"Umma, a ina na yi kuskure?"

"Ka sa mainos."

"Ai ke kika ce in ya tsallake ya canja alama. Biyun ma ya tsallake."

Na buɗe baki, babu abin faɗa. Gaskiyarsa ce, abin da na koya masa ya bi. Na san amsarsa ba daidai ba ce don littafi ya faɗa, amma ban san dalili ba. Ya sake cewa, "To me ya sa shida ya canja, biyu bai canja ba?" Sai na ji bakina ya ce, "Haka dokar take!" da tsawa har ƙanwarsa ta leƙo daga ɗaki. Ya ɗauki littafinsa ya tashi. Na zauna ni kaɗai a teburin da jan biro a hannu, muryar malamin nan na Zariya tana fita daga maƙogwarona.

Washegari bayan sallar asuba, maimakon in koma barci, na ɗauko kwamfutar na sa abin ji a kunne, na kunna darasin. Malamin ya zana sikeli mai faranti biyu, irin na masu sayar da gwal. Ya ce alamar daidai ita ce tsakiyar sikelin, abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama. A farantin hagu akwai ƙulli biyu da ba a san abin da ke ciki ba, da tsakuwa shida. A na dama tsakuwa sha shida. Kana son ƙullin su zauna su kaɗai, sai ka ɗebe tsakuwa shidan. Amma in ka ɗebe a hagu kawai sikeli zai rinjaya, dole ka ɗebe shida a dama ma. Saura ƙulli biyu a nan, tsakuwa goma a can. Yanzu ka raba kowane faranti gida biyu. Ƙulli ɗaya, tsakuwa biyar.

Na tsayar da bidiyon. Na mayar baya na sake kallo. Ashe babu gada. Babu abin da ke tsallakewa, babu abin da ke canja alama. Shidan da ake cewa ya koma mainos, ɗebe shi aka yi daga ɓangarorin biyu, a hagu ya ɓace, a dama aka ga sawunsa. Biyun kuwa ba tara shi aka yi da x ba, ninka shi yake yi, don haka maganinsa rabawa, ba ruwansa da mainos. Abin da yarinyar da ke yi wa Inna awo za ta gane cikin minti biyar ke nan, da an gaya mata. Na zauna a kicin ɗin nan mai sanyi, ina da shekara 38, hawaye yana zuba a kan hijabina saboda tsakuwa shida.

Sai kuma malamin ya yi wani abin da ya fi na farko girgiza ni. Ya ɗauki biyar ɗin ya mayar da shi cikin tambayar: biyu sau biyar goma, a tara shida, sha shida. Daidai. Ya ce kullum a yi haka. Na gwada da amsar Abba: biyu sau mainos biyar, mainos goma, a tara shida, mainos huɗu. Bai kai sha shida ba. Wato mutum yana iya sanin ya yi daidai ko bai yi ba shi kaɗai, ba sai malami ya sa masa hannu ba. Shekara shida na yi a sakandare ina miƙa aiki kamar mai jefa ƙuri'a, ina jiran abin da Allah zai yi. Wata uku bayan haka na ci karo da wata amsa a littafin amsoshin da ba ta yi daidai da tawa ba. Na mayar da tawa ta zauna, na mayar da tasu ta ƙi. Kuskuren ɗab'i ne. Na ɗauki jan birona na gyara wa littafi, hannuna har rawa yake.

Daga ranar nan na riƙa shiga gabansa da darasi ɗaya a ɓoye. Kullum bayan asuba, minti arba'in, in yi tambayoyin a wani littafin rubutu da nake turawa bayan buhun shinkafa. Mako biyu ina haka ya kama ni. Ya fito shan ruwa ya same ni ina ƙirga da yatsu. Ya ce, "Umma, me kike yi?" Na so in ce duba masa aiki nake. Sai na tashi na ɗauko ambulan ɗin na miƙa masa. Ya karanta a hankali, ya ce, "F9 ɗin nan, akwai wadda ta fi ta muni?" Na ce babu, daga ita sai ƙofar fita. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ni ma na yi. Na roƙe shi gafarar tsawar da na yi masa, abin da ban taɓa ganin uwa ta yi wa ɗa ba a gidanmu. Tun daga nan muka daina malama da ɗalibi. Kowa ya yi nasa, mu musanya littafi, ya duba nawa in duba nasa.

Inda muka maƙale mu duka biyun shi ne mainos sau mainos. A makaranta waƙa muka mai da shi, mainos sau mainos fulos, ba mai tambayar ta yaya. Bidiyon ya ce a ɗauki mainos a matsayin bashi, wannan na gane, amma bashi sau bashi ya zama kuɗi? Na kai kukana wajen Hajiya, wata 'yar Damagaram da ke yi mana kitso, ita ce kuma uwar adashinmu. Ba ta taɓa shiga aji ba. Kaina yana kan cinyarta ina ba ta labari don a yi dariya, sai ta ce, "Tsaya, ƙanwata. Mutum uku suna bin ki dala biyar-biyar, nawa ke kanki?" Na ce sha biyar. Ta ce, "To su ukun suka zo suka ce sun yafe. An ɗauke miki bashi uku. Kin ƙaru ko kin ragu?" Na ce na ƙaru da sha biyar. Ta ja mini gashi ta ce, "To ina wahalar? Ɗauke bashi ai samu ne. Ku 'yan boko sai ku ɗauki abu ƙarami ku sa masa riga." Mainos na farko ɗaukewa ne, na biyu bashi. Na dawo gida da rabin kitso a kaina ina sauri in gaya wa Abba.

A watan Janairu maigida ya shiga ruɗani tsakanin kamfani biyu. Wanda yake yi wa aiki yana biyan senti 55 a kowace mil. Wani kuma ya ce zai ba shi dala 200 tsayayyu duk mako, da senti 47 a kowace mil. Ya yi kwanaki yana tambayar abokansa direbobi, kowa da abin da yake faɗa. Lokacin mun iso darasin layi biyu da inda suke haɗuwa. Ya kira daga wani wurin hutawar manyan motoci a Tennessee, na sa wayar a tsakiyar tebur. Na ce wa Abba, abin da ba mu sani ba shi ne mil nawa ne kuɗin biyu za su zo ɗaya, shi ne x ɗinmu. Muka rubuta 0.55x = 200 + 0.47x. Ya ɗebe 0.47x daga kowane faranti, saura 0.08x = 200. Ya raba, x ya fito 2,500. In Babansa yana wuce mil 2,500 a mako, ya zauna inda yake. In ba ya kaiwa, sabon ya fi. Muka ce ya duba littafin tafiyarsa. Ya ce a lokacin sanyi da ƙyar yake yin 2,200. Muka buga: tsohon dala 1,210, sabon 1,234. Duk rashin barcin nan a kan dala 24 ne a mako. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya yi wannan, ke ko shi?" Abba ya ce, "Umma ce ta kafa, ni na warware." Bai canja kamfanin ba. Bai kuma sake ambaton rasit ba.

Azumin 2022 ya kama a farkon Afrilu, ya same mu a ƙarshen littafin, inda x ke ninka kansa. Wannan wajen ne a makaranta ake ba mu wata doguwar dabara a ce mu haddace, malamai suna kiranta "olmaiti fomula", wato dabara mai iko duka, har wata ustaziyar ajinmu ta rantse ba za ta faɗi sunan ba, wai shirka ce. Wata rana malamin haddar Abba ya ga littafin a hannunsa, ya tambaye shi ko ya san ma'anar sunan aljabara. Ya ce Larabci ne, aljabru, ɗori ke nan, irin na karaya. Ni da na sha karanta hukuncin shafa a kan jabira, wato ɗaurin karaya, a darasin fiƙihu, ban taɓa kawo wa raina dangin juna ba ne. Sunan ya fito ne daga littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Babu x a ciki, babu alamar daidai, komai da kalmomi ya rubuta. Abin da ba a sani ba yana ce masa "abu" ko "saiwa", in ya ninka kansa ya ce "dukiya".

Muka nemo ɗaya daga misalansa: dukiya da saiwa goma sun yi daidai da dirhami 39. A rubutun yau, x sau x, a tara 10x, daidai da 39. Muka yanka kwalin taliya. Murabba'i ɗaya mai gefe x, da dogaye guda biyu, kowanne faɗinsa biyar tsawonsa x. Muka jingina ɗaya a damansa, ɗaya a ƙasansa. Sai ga babban murabba'i ya kusa cika, saura gurbi a kusurwa, biyar sau biyar, 25. Ka cike gurbin, ka ƙara 25 a ɗaya farantin ma, 39 ya zama 64. Murabba'in da ya kai 64 gefensa takwas. Takwas ɗin nan x ne da biyar, saboda haka x uku ne. Muka mayar: uku sau uku tara, da talatin, 39. Muna jiran a kira magariba, ga ƙamshin kunu, ga guntayen kwali a tebur, Abba ya ce, "Umma, ashe doguwar dabarar nan wannan gurbin kawai take cikewa." Ni ban kai ga ganin haka ba sai da ya faɗa.

Wani babban kaso na littafin mutumin nan a kan wasiyya da rabon gado yake. Da na ji haka, daren nan na kasa barci. Mahaifina ya rasu a 2016, ina nan, ban sami zuwa ba. Aka yi rabo, aka kira ni aka ce ga rabona, na ce Allah ya jiƙan Baba, ban tambayi komai ba, don ko an yi mini bayani ba zan gane ba. Bayan sahur na ɗauko takarda. Gida da gona an yi musu kuɗi naira miliyan takwas bayan an biya bashi. Iyayensa sun riga shi. Mata biyu, tumuninsu miliyan ɗaya, kowacce dubu ɗari biyar. Saura miliyan bakwai. Mu mata huɗu, maza uku, namiji yana da rabon mace biyu. Na ce rabon mace shi ne x. Namu 4x, nasu 6x, duka 10x. Dubu ɗari bakwai. Abin da aka turo mini ke nan, ko sisi bai ɓata ba. Da ma ban zargi kowa ba. Amma ranar ce na ga rabon da idona, na ga inda Inna ta tsaya a ciki da inda na tsaya, kuma ranar na yi wa Baba kukan da ban samu na yi ba shekara shida.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka shekarar daɗi ce zalla. Na rage awannin aikina kusan rabi, aljihunmu ya ji a jikinsa. Akwai ranakun da tambaya talatin ɗin nan suka ci mana awa uku, ana kuka ana jifa da fensir. Sauran darussan, musamman kimiyya, ban yi musu adalci ba, na sani. Kuma yaron ya yi kaɗaici. Yakan tsaya a taga da rana in motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta sauke yaran unguwa. Hadda ta kai izu hamsin da biyu, ba ta cika ba. Da shekara ta ƙare ya ce shi makaranta zai koma, yana son ƙwallo da mutane. Ban ja da shi ba. Na rubuta wa hukuma cewa na rufe makarantata, ya shiga aji goma a watan Agusta.

Kafin nan, a watan Yuni, ya zauna jarrabawar shekara da doka ta ce, ya wuce lafiya. Saura gwajin ƙarshe na kwas ɗin kansa. Na buga kwafi biyu. Muka zauna a tebur, shi a wannan gefe ni a wancan, ƙanwarsa ta riƙe agogo tana muzurai kamar mai sa ido a zauren WAEC. Da lokaci ya cika muka musanya. Na duba nasa, 88. Shi ya daɗe a kan tawa, yana taɓe baki, yana jujjuya jan biron nan nawa. Ya miƙo mini, 78. Tambaya uku daga cikin waɗanda na faɗi, aikin duk daidai ne, mainos na yar a hanya. Ya zagaye su ɗaya bayan ɗaya, a gefen ta ukun ya rubuta da Hausarsa ta 'yan Amurka, babu ƙugiya ko ɗaya: "Umma baki mayar kin duba ba."